Ranar da Jini Ya Ƙi Fitowa

Ranar da abin ya fara wata Talata ce, ƙarfe goma saura kwata na safe. Damina ta kusa ƙarewa, gero ya riga ya yi kai. Mu huɗu ne a ɗakin haƙori na asibitin da nake aiki a ƙasar Minjibir: ni, da Hajiya Talatu, malamar jinyar da muka shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, da wani manomi, Malam Haruna, da 'yarsa Zainabu mai shekara tara. Zainabu tana kan kujera. Malam Haruna ya ƙi zama. Yana tsaye a bakin ƙofa da makullin babur a hannu.

Saboda ku nake rubuta wannan, ku sababbin likitoci da ake turo mana kowace shekara. Kwanan baya ɗayanku ya nuna mini bidiyo a wayarsa, na minti huɗu, inda aka raya cikin haƙorin da ya mutu. Ya ce, "Oga, ai wannan ba wani abu ba ne. Sokawa kawai za ka yi, jini ya fito." A bidiyo kam jini yana fitowa. Ni na ga ranar da bai fito ba, kuma hannuna ne ya jawo.

Abin da ya sami Zainabu za ku riƙa ganin irinsa a nan. Ta je ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa, wata yarinya ta saki hannun famfon, ya taso ya buge ta a baki. Haƙorinta na gaba, na sama, ya ɗan ɓantare. Ya yi ciwo kwana uku ya daina, aka ce ya warke. Ba warkewa ya yi ba, mutuwa ya yi. Bayan wata biyar ya fara duhu, wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi, yana fashewa yana dawowa. An sa kanumfari, an sa gishiri da jar kanwa. Sai da leɓe ya kumbura aka kawo ta.

A tsakiyar kowane haƙori akwai rami. Cikinsa akwai tsoka mai laushi, da jijiyoyin jini, da jijiyar da ke jin zafi da sanyi. Wannan nake kira ɓargon haƙori, sunan da na zaɓa tun lokacin da nake amsa tambayoyin masu sauraro a wani shirin lafiya na rediyo, domin manomi yana gane shi nan take. Ɓargon nan shi ke gina saiwa. Haƙori yana fitowa tun saiwarsa ba ta gama girma ba, sai ta ƙara shekara biyu zuwa uku tana tsawo tana kauri. Na Zainabu ya mutu ana tsakiyar ginin. A hoto, bangon saiwar siriri ne kamar ɓawon ƙwai, ƙarshenta a buɗe kamar bakin mazurari, ga baƙin tabo kewaye da shi inda ƙashi ya fara cinyewa.

"Likita, a cire," in ji Malam Haruna. "Ban zo da dogon zance ba."

Na ce, "Malam, ta riga ta yi famfara. Wannan shi ne na dindindin. In na cire, ba wanda zai fito."

Ya matso, ya ɗaga leɓensa da ɗan yatsa. Giɓi ne babba a sama, gefen hagu. "Wannan wa ya cire?"

"Ban sani ba."

"Kai ne. A kan kujerar nan. Minti biyar. Ga ni ban mutu ba, ina cin tuwona, ina shan rakena."

Hajiya Talatu ta ce, "To, Likita, ka ga aikinka ya dawo gaishe ka."

Na tambaye shi yaushe ne. Da ya kwatanta, sai na gane shekarar. Ita ce shekarar da injin iskar da ke juya abin hudar haƙori ya ƙone, bayan rufin ɗakin ya yi yoyo a kansa. Na rubuta takarda, na sake rubutawa, na je da ƙafata. Sai da aka yi shekara da wata biyu kafin a kawo wani. A tsawon wannan lokaci abu biyu ne a hannuna, allura da awartaki. Mutum zai zo da ɗan rami wanda cikon minti ashirin zai wadatar, in ce masa ya tafi birni. Sai ya ce, "Likita, ciwon yau yake yi, birni kuma sai an yi kaka." Sai in cire. Akwai wani kwanon silba da muke zuba haƙoran a ciki kafin a binne su. Kusan kullum kafin azahar ya rufe gindinsa. Ban ƙirga ba. Na dai san cewa a ƙauyukan da ke kewaye da mu, har yau in na je ɗaurin aure, ina gane aikina a dariyar mutane. Shekarar ce ta koya wa jama'a cewa ɗakin haƙori wurin cirewa ne, kuma ni na koya musu.

Ba haka aka koya mini ba. Maigidana, wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa a birni bayan na fito daga makaranta, muna kiransa Baba Bushe, Allah ya jiƙansa. Wata shida na yi ina wanke masa kayan aiki ina riƙe masa fitila kafin ya bar ni na taɓa bakin mutum. Yakan kafa haƙoran da aka cire a cikin kakin kyandir, ya ba ni siraran ƙarafan nan da ake yashe ramin saiwa da su, ya ce in yi. In na gama sai ya tura ɗan tsinken takarda a ramin, ya zaro, ya duba a haske. Tambayarsa ɗaya ce, ita ta ba shi suna: "Ya bushe?" In akwai ko alamar ja a bakin takardar, sai ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba. A wurinsa ramin haƙori ɗaki ne da za a share, a busar, a toshe, kada komai ya sake rayuwa a ciki. Allurar kashe zafin da ya koya mini da ita tana ɗauke da adirinalin, sinadarin da ke matse jijiyoyin jini. Kana yi sai ka ga dasashi ya yi fari fat. "Ka ga farin nan?" yakan ce. "Shi ne izininka. Fara aiki." Shekara talatin ina ganin farin nan ina fara aiki.

Hanyar Baba Bushe tana da kyau ga haƙorin babba. Ga irin na Zainabu, tana da iyaka. Za ka iya toshe ramin, ƙurji ya warke, amma bangon saiwa zai tsaya yadda ka same shi, siriri. Wata rana, ko tana budurwa ko tana matar aure, za ta gatsa wani abu ya karye daga wuya. Na sha gani.

Sabuwar hanyar a wani taron ƙara wa juna sani na fara jin ta, ina da furfura. Wata likita da ba ta kai 'yata ta fari ba ta nuna mana hotuna. Bayanin shi ne: a can ƙarshen saiwar da ba ta gama girma ba, akwai wata 'yar tsoka, cikinta akwai ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Za su iya zama masu gina haƙori, za su iya zama jijiyar jini. Sau da yawa ɓargo yana mutuwa su suna nan da rai. A wasu ƙasashe masu bincike suna ɗebo irinsu daga haƙoran famfara, su rene su a ɗakin gwaji, su zuba su a ramin. Mu ba mu da wannan ɗaki. Muna da waɗanda Allah ya ajiye a bakin ƙofa. Aikinmu mu tsabtace ramin ba tare da mun kashe su ba, sannan mu soki tsokar da gangan, jini ya hau ya cika ramin ya ɗauko su, ya daskare, su sami abin da za su kama su yi gini. Wato duk abin da Baba Bushe ya hana, shi ake nema. Na shekara ina karantawa kafin in gwada. Zainabu ce ta uku.

Na yi wa Malam Haruna wannan bayani a gajarce. Ya saurara yana juya makulli.

"Zuwa nawa?"

"Biyu. Yau, da bayan mako uku. Sai dubawa daga baya."

"Bayan mako uku ina cire gyaɗa."

"Da safe za ku zo. Kafin sha ɗaya kun tafi."

"In bai kama ba fa?"

"Sai mu koma tsohuwar hanya, mu toshe. Cirewa ita ce ta ƙarshe."

Ya dubi yarinyar. Ita silin take kallo. Ya ce, "Zuwa biyu. In aka ce na uku, akwai wanzami a garinmu, kuma ba ya cewa a dawo."

Aikin ranar farko wanki ne. Na kashe wurin, na shimfiɗa robar da ke keɓe haƙori daga yawu, na huda ta bayan haƙorin. Wari ya fito, da ɗan ruwan mugunya. A nan ne sabon likita yake fara ɓarna, domin hannunsa yana son ya kankare bango. Ba a kankarewa, bangon ba shi da abin da zai bayar. Ruwan wanki ake zubawa, mai rauni, wanda aka surka, a hankali, bakin sirinji bai kai ƙarshen saiwa ba. In ya yi ƙarfi ko ya wuce, ya kashe ƙwayoyin da kake nema. Na yi minti ashirin ina zubawa Hajiya tana tsotsewa. Na bi da ruwan gishiri, na cusa farin maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta, na rufe da ciko na wucin gadi. Na ce ba rake, ba ƙashi, ba kanumfari, asuwaki a hankali.

Hajiya ta ce wa yarinyar, "Ƙawata, in Babanki ya manta ranar, ki yi masa kuka tun asuba."

"Ba ta buƙatar darasi a wannan," in ji Malam Haruna.

A cikin mako ukun na shiga birni neman abu biyu. Na farko simintin da ake ɗorawa a kan jinin, wanda jiki ba ya ƙi. Na biyu allurar kashe zafi marar adirinalin, domin mai adirinalin tana hana jini fitowa, jinin kuwa shi ne aikin. Kowa mai adirinalin yake saye, don haka ita ake sayarwa. Sai a shago na biyar na sami marar adirinalin ɗin, 'yan kwalabe uku. Da su da na kullum kamarsu ɗaya, tsawo ɗaya, ruwa fari. Bambancin ɗan zobe ne mai launi a wuya, da rubutu ƙanana. Na ba Hajiya na ce ta ajiye sai ranar.

Sun zo ranar da aka sa, ƙarfe takwas da rabi. Leɓe ya sabe, ƙurji ya ɓace, na ƙwanƙwasa haƙorin ba ta motsa ba. Malam Haruna ya ce shekaranjiya ya tone gyaɗarsa, tana shanye a gona, yau zai tattara. Ya nuna mini gabas ta taga. Akwai ɗan duhu can ƙasa.

"Ka gani? In wancan ya taso ya same ta a ƙasa, kai za ka saya."

Hajiya ta jera kaya, ta sa kwalaben nan uku a ƙaramin faranti ta hannun damana, ta fita ɗauko ƙarafa daga tukunyar dafa kayan aiki. Zainabu ta ga sirinji, idonta ya ciko. Na fara yi mata hira don in ɗauke hankalinta. Na tambaye ta lokacin da ta yi famfara ina ta jefa haƙoran. Ta ce kan rufin ɗakin Inna. Na ce ta bar ƙadangare ya ga giɓin? Ta ce a'a, ta rufe bakinta da mayafi har kwana bakwai. Muna cikin haka hannuna na hagu ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko kwalba, ya sa a sirinji. Daga wannan aljihun nake ɗaukowa sau goma, sau ashirin a rana. Na yi allurar. Dasashi ya yi fari fat. Na gani da idona, kuma abin da ya zo mini shi ne, to, a fara aiki.

Na cire cikon, na wanke farin maganin, na busar. Na ɗauki siririn ƙarfe, na ɗan lanƙwasa bakinsa, na tura shi har ya wuce ƙarshen saiwa da kamar kaurin ƙwayar dawa, na juya. Na zaro, na jira. Ramin fari ƙal. Na sake. Na tura tsinken takarda, ya fito da ɗan ja-ja a baki, irin wanda Baba Bushe zai miƙo mini. Bayan wannan ba komai.

Hajiya Talatu tana tsaye a gefena. Ta dubi dasashin, ta dubi farantin. Ta ce, a hankali yadda uban ba zai ji ba, "Likita, ukun nan da ka sha rana a birni kana nema, in kai su gida ne, ko in ajiye maka su na tarihi?"

Na duba. Suna nan su uku, ba wadda aka taɓa.

Ga abin da ke gabana a lokacin, kuma ina so ku lura, domin wata rana zai zo gabanku. Zan iya ci gaba da soka da ƙarfi har jini ya fito dole. In na yi haka na dagargaza tsokar da ƙwayoyin ke ciki. Zan iya ɗora siminti a kan busasshen rami, in rufe, in ce an gama. Ƙurji ya riga ya warke, ba mai ciwo, uba yana sauri, ba wanda zai sani. Ko kuma in jira maganin ya saki jijiyoyin, abin da zai ɗauki awa huɗu zuwa biyar in ana so a tabbata. Na sa auduga mai tsabta, na rufe da ciko na wucin gadi, na cire safar hannu.

"An gama?" in ji Malam Haruna.

"Ba a gama ba. Na yi kuskure. Allurar da na yi mata mai hana jini fitowa ce. Wadda ta kamata ga ta nan a faranti. Ba ta cutar da ita ba, amma sai ta sake ta kafin in yi aikin. Sai bayan azahar."

Ya dubi farantin. Sannan ya ce, "Wato kai da kanka ka ɗaure jinin, yanzu kuma kana nemansa."

"Haka ne."

"Ba yaron asibiti ba, ba Hajiya ba."

"Ni ne."

"Zuwa biyu muka yi da kai."

"Har yanzu na biyun ne, Malam. Tsawo ya yi."

Hajiya ta ce ya bar mata yarinyar, ya je ya tattara gyaɗarsa ya dawo da la'asar. Ya ce akwai kwari tsakaninmu da garinsu, in ruwa ya sauka ba babur ɗin da zai haye sai gobe, kuma bai gaya wa uwarta za ta kwana a wani wuri ba. Ni ma na ce ba zan soki yarinya ba ubanta ba ya nan. Ya fita waje da waya, ya kira ƙanensa, aka ce ya tafi kasuwa da awaki. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Duhun gabas ya hau sama da kan bishiyoyin darbejiya.

"Da ka ce mini an gama," in ji shi, "da yanzu ina hanya ina sa maka albarka."

"Na sani."

"To me ya hana ka?"

"Haƙorin zai karye wata rana. Ba bana ba, ba baɗi ba. Lokacin da zai karye ba za ka tuna da ni ba, za ka ce ƙaddara ce."

Ya dubi Zainabu. "Ke fa? Mu tafi?"

Leɓenta a kashe yake, maganar ta fito a karkace. Ta ce, "Baba, ni ba na son irin naka."

Hajiya ta juya baya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Malam Haruna ya sa makullin a aljihu, karo na farko tun da na san shi, ya zauna a benci. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Raken da na ce maka ina sha, da gefe nake sha."

Na ci gaba da ganin sauran marasa lafiya. Hajiya ta sayo wa yarinyar kunu, ta ce ta sha da ɗaya gefen in ya huce. Wajen ƙarfe ɗaya iska ta taso, ruwa ya sauka, irin na ƙarshen damina mai zuwa da fushi. Malam Haruna ya tsaya a baranda yana kallonsa har ya ɗauke. Muka yi azahar a sahu ɗaya. Wuta ta tafi tare da ruwan, aka tayar da janareta.

Ƙarfe biyu da rabi na ɗaga leɓen Zainabu. Dasashi ya dawo ja, na danna ya yi fari ya sake komawa ja nan da nan. Hajiya ta kulle aljihun teburin hagu, ta sa makullin a jakarta. Ta ɗauki kwalba ɗaya daga faranti, ta karanta rubutun da ƙarfi, harafi harafi, kamar mai karanta sanarwa, sannan ta miƙo mini. Tun daga ranar haka muke yi duk lokacin da za a yi wannan aiki, kuma haka za ku tarar.

Marar adirinalin ba ta daɗewa, don haka ba a wasa da lokaci. Na sake shimfiɗa roba, na buɗe, na wanke da ruwan da ke sa bangon haƙori ya saki abin da ƙwayoyin ke so, na busar. Na tura ƙarfen ya wuce saiwa, na juya sau biyu. Zainabu ta ɗan matse hannun kujera. Na zaro.

Jinin ba ya tsartuwa. Hawa yake yi a hankali, kamar ruwa a sabuwar rijiya. Da farko ɗigo ja can ƙasa, inda sai da madubi ake gani. Sannan ya cika rabin ramin. Na bar shi har ya kai daidai wuyan haƙori, na tsayar da shi da 'yar auduga mai laima. In ya wuce nan haƙorin zai yi baƙi, in bai kai ba an bar fili. Hajiya ta duba agogon bango. Minti goma sha biyar ake jira ya daskare, ba a taɓawa, ba a hura masa iska, yaro ba ya rufe baki. Duk wanda ya ce muku wannan abu ne mai sauƙi, bai taɓa riƙe bakin 'yar shekara tara a buɗe na minti goma sha biyar ba. Hajiya ta ba ta labarin yadda aka yi bikin ƙanwarta akuya ta cinye kayan lefe, tana ƙara abin da bai faru ba, tana hana ta dariya.

Kafin in rufe na kira uban. Na riƙe masa madubi na haska fitila. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Wannan ɗan jinin?"

"Shi ne."

"Ko kaza aka yanka ta fi wannan." Ya miƙe. "Gyaɗata dai ta tafi a kan abin da bai cika cokali ba."

Na ɗora simintin a kan jinin da ya daskare, kaurinsa kamar ƙwayar wake, da hannu mai sauƙi, domin in ka danna ya nitse ka ɓata komai. Na rufe da ciko, na gyara inda ya ɓantare, na ɗauki hoto. Ƙarfe huɗu saura suka fita. Ya ce zai bi ta titin kwalta ya zagaye kwarin. Na ce su dawo bayan wata uku.

Ba su dawo bayan wata uku ba, ba su dawo bayan shida ba. Wannan ma ku sa shi a lissafinku: a nan, wanda ba ya jin ciwo ba ya zuwa asibiti, don haka ku yi kowane aiki kamar ba za ku sake ganinsa ba. Sai bayan shekara ɗaya da rabi Malam Haruna ya kawo mahaifiyarsa da ciwon haƙorin turmi, Zainabu ta rako su. Na ɗora ta a kujera kafin kakar. A hoto baƙin tabon ya tafi, ƙashi ya cike. Bangon saiwa ya yi kauri, ta ƙara tsawo, bakin mazurarin ya tsuke. Na jera sabon hoton da tsohon a taga na nuna masa. Ya ce shi bai ga komai ba sai inuwa, amma tunda na ce, to. Ya ƙara da cewa gyaɗar da ke gangaren gona ta yi tsiro gaba ɗaya, awaki aka ba.

Abin da ya tsiro a cikin ramin ba zan ce muku ɓargo ne irin na asali ba. Masu bincike da kansu suna cewa sau da yawa wata tsoka ce mai kama da shi, wani wurin ma ta fi kama da ƙashi. Abin da na sani shi ne tana da rai, jini yana shigarta, kuma ta yi ginin da busasshen rami ba zai yi ba. Ba kowa yake kamawa ba. Akwai yaran da na yi wa, ƙurji ya dawo, muka koma tsohuwar hanya muka toshe.

Hoton Zainabu na ƙarshe na ɗauke shi tana da shekara goma sha uku. Bakin saiwar ya rufe. Haƙorin ya ɗan fi ɗan'uwansa duhu, kuma in na ɗora masa ƙanƙara ba ta jin sanyi har yau. Da shi take gatsar goruba, duk da na hana ta.